Ga Fili Ga Mai Doki: Ina Ya Dace Mai Sha'awar Hawa Ya Zauna?

A zangon karatun da ya gabata malaminmu na darasin fassara ya ba mu wani guntun rubutu na Turanci domin mu mayar da shi Hausa. Rubutun yana magana ne a kan wasan nan da Turawa ke yi da hunturu, inda mutum zai ɗaura wasu siraran alluna biyu dogaye a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu, ya gangaro daga kan tsauni a bisa dusar ƙanƙara. Wasu kuma allo guda mai faɗi suke takawa da ƙafa biyu, ba ruwansu da sanda. Nan take aji ya kaure da gardama a kan sunan da ya dace da wasan. Wannan ya ce sulɓi, wancan ya ce santsi, wata ta ce gangara. Daga ƙarshe aka tsaya a kan "zamiyar ƙanƙara". Wani ɗan ajinmu Bakatsine bai gamsu ba, ya ce shi a saninsa zamiya ta doki ce, wato mahayi ya sako sukuwa, sa'annan ya ja linzami gaba ɗaya, doki ya tirje da ƙafafun baya yana jan ƙasa har ya tsaya. Malam ya ce ai wannan ne ma ya sa kalmar ta dace, domin duka biyun gudu ne da jan ƙafa da iya tsayawa.

Abin da ya ba 'yan aji dariya a rubutun shi ne cewa akwai mutanen da ke barin garinsu, wani lokaci har da aikinsu, su koma wani wuri don kawai su kusanci inda ake wannan zamiya. Aka ce lallai Turawa sun ƙoshi. Ni dai ban yi dariya ba, saboda na san wani mutum a Minna da ya sauya gida don doki, kuma na ga yadda abin ya ƙare. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi wa 'yan'uwa ɗalibai bayani a kan abubuwan da mai sha'awar hawa zai duba kafin ya zaɓi mazauni. Ni ɗan ƙabilar Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, don haka in an ci karo da gwaranci a cikin rubutun sai a yi mini uzuri.

Masu zamiyar ƙanƙara da lissafinsu

Bari mu fara da masu abin, domin lissafinsu zai taimaka mana. Dusar ƙanƙara ba ta zama a ko'ina. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6, shi ya sa ake samun ƙanƙara a kan tsauni alhali gindinsa ruwa ne ke sauka. A Nijeriya tudun da ya fi kowanne tsawo shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mai mita 2,419, kuma ko shi ba ya samun ƙanƙara saboda kusancinmu da tsakiyar duniya. Duk faɗin Afirka wuraren wannan wasa ba su taka kara sun karya ba. Akwai Ukaimeden a Maroko, kusa da Marakish, akwai kuma Afriski a Lesoto, inda hunturunsu ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta. Samuel Ikpefan, wanda ya wakilci Nijeriya a wasan zamiya a gasar Olamfik ta hunturu a Beijin a 2022, a yankin tsaunukan Alf na Faransa ya tashi. Da a Bosso ya girma da wani wasan ya koya.

To amma ko a can ɗin, sunan wuri ba shi ne komai ba. Asfen a jihar Kolorado ta Amurka ya yi suna ƙwarai, sai dai gidajensa sun fi ƙarfin talaka, har yawancin masu aiki a wurin a wasu garuruwa na can ƙasan kwari suke kwana. Birnin Denba yana da ayyukan yi, amma wanda ke son zamiya ranar Asabar sai ya sha cunkoson motoci a kan hanyar tsauni. Insburuk a Ostiriya, wanda ya karɓi baƙuncin Olamfik ta hunturu a 1964 da 1976, shi ake yawan ba da misali da shi, domin gari ne mai jami'a da kasuwanci, kuma daga tsakiyarsa keken igiya kan kai mutum kusan mita 2,000 kafin rabin awa. Wato dai tambayar da mai hankalinsu ke yi ita ce: sau nawa a mako zan iya fita, kuma me zan ci a sauran kwanakin? Wannan tambaya ita ce ta mai doki, ba ragi ba ƙari.

Iyakar da ƙuda ya shata

Yadda ƙanƙara ke da iyakar da ba ta saukowa ƙasa da ita, haka doki ke da iyakar da ba ya jin daɗin ƙetarawa a ƙasarmu. Bambancin kawai shi ne iyakar doki ƙwaro ne ya shata ta, wato ƙudan tsando. Wannan ƙuda jini yake sha, kuma in ya ciji dabba yakan sa mata ƙwayar cutar sammore, dangin wadda ke jawo wa mutum ciwon barci. Doki na cikin dabbobin da ba su da juriyar wannan cuta ko kaɗan. Zai fara da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, jininsa ya ragu, ƙafafu da mara su kumbura, ya yi ta ramewa ko da yana cin abinci, in ba a yi magani da wuri ba sai mutuwa. Tsando kuwa inuwa da laima yake so. Wani irinsa yana zaune a kurmin bakin rafi, wani a dajin itatuwa inda namun daji suke. Ke nan duk inda ruwan sama ya yi yawa, itatuwa suka yi duhu, to doki yana cikin hatsari. Minna na samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, daga Afrilu har Oktoba, alhali Katsina da Sakkwato ba su cika wuce 700 ba.

Wannan ƙaramin ƙwaro ya taka rawa a tarihinmu fiye da yadda ake zato. A ƙasar Hausa da Barno doki yana haihuwa yana yaɗuwa, shi ya sa sarauta da yaƙi suka ginu a kansa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Daulolin kudu kuwa, irin su Oyo, sai dai su yi ta sayen dawaki daga arewa, suna mutuwa ana sake sayowa. Nupe tana tsakiya. Bida ta yi suna da barade har zuwa Janairun 1897, lokacin da sojojin kamfanin Turawa na Kwara suka ci garin da bindigogi masu sarrafa kansu, amma ƙarfin nan nata ya dogara ne ƙwarai a kan dawakin da fatake ke kawowa daga arewa.

Mu kuwa Gbagyi, dangantakarmu da doki ta fara ne da gudu. Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864, shi da ɗansa Ibrahim sun daɗe suna kai hare-hare ƙasarmu a kan dawaki, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kontagora. Kakanninmu ba su da dawakin tarar su, sai suka koma kan duwatsu inda kofato ba ya iya hawa. Mutanen Minna na asali a kan dutsen Paida suka zauna, sai da jirgin ƙasa ya iso a farkon ƙarni na ashirin gari ya sauko ƙasa. Idan aka duba, su ma doki ne ya zaɓa musu mazauni, sai dai su nesa da shi suke nema. Kakata har ta rasu ba ta son ƙarar kofato, ga shi yau jikanta yana rubutu a kan inda za a zauna a more doki.

Kada mai karatu ya ɗauka iyakar nan miƙaƙƙen layi ne. Har a ƙasar Zazzau tsando ya taɓa addabar mutane, abin da ya sa a ƙarshen shekarun 1930 Turawa suka share kurmin rafukan yankin Ancau, suka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A Kaduna aka kafa cibiyar binciken wannan cuta, mai reshe a Vom. A ɗaya ɓangaren kuma tudun Jos, duk da yana kudu da Zariya, tsawonsa na kimanin mita 1,200 da sanyinsa sun daɗe suna rage masa wannan matsala, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa cibiyar likitancin dabbobi ta koma Vom a 1924. A yau noma da sare itatuwa da gine-gine sun kori tsando daga cikin manyan garuruwa, ciki har da Minna. Inda ya rage shi ne bakin rafuka masu duhuwa da gandun daji. Nan ne kuma tarkon yake, domin wurin da ya fi ciyawa da fili da arhar ƙasa shi ne wurin da ƙudan ke jira.

Dokin kawuna

Kawuna ma'aikaci ne da ya yi ritaya, kuma tun yana saurayi a Zariya sha'awar doki ta shige shi. Da aka biya shi kuɗin sallama sai ya sa aka sayo masa wani ɗan ingarma aharas daga arewa. A lokacin yana zaune a cikin gari, a gidan da tsakar gidansa ba ta fi a shanya tabarma uku ba. Maƙwabta suka fara ƙorafin wari da ƙuda da haniniyar asuba. In zai fita kilisa da yamma sai ya ratsa kwalta da 'yan acaɓa kafin ya kai inda zai saki linzami, lokacin kuwa magariba ta kawo jiki. Sai ya sayar da gidan, ya sayi fili babba a bayan gari, a gefen wani rafi da ke zuba a kogin Chanchaga, ya gina ɗaki uku da barga.

Wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin barga a Bida ya zo ganin wurin. Ya zagaya, ya leƙa bakin rafin, ya dawo ya ce, "Alhaji, wurin nan na shanu ne ma sai da dabara. Ka ɗaga turken nan ka kai shi kan tudu, ka riƙa yi masa hayaƙi safe da yamma, kuma kada ya sha a rafin nan." Kawu ya ce, "Baba, ai ciyawar nan ce ta kawo ni." Dattijo ya ce, "To, Allah ya tsare." Bai ƙara cewa komai ba.

Shekarar farko lafiya lau. Doki ya yi ɓulɓul, gashinsa na sheƙi, kullum da la'asar kawu na bisa sirdi. A damina ta biyu, wajen watan Satumba, sai doki ya fara sanyin jiki. Aka ce ciwon ciki ne, aka ba shi kanwa da sassaƙe. Aka sayo allura a wani shago a kasuwa, wadda daga baya aka gane ta daɗe da lalacewa. Kafin a samo likitan da ya ɗebi jini ya tabbatar sammore ce, ƙafafu sun kumbura, haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa. Bai kai Kirsimeti ba. Kawu ya rasa doki, ga shi kuma ya makale a gidan da ke nesa da asibiti da kasuwa da makarantar jikokinsa, domin kuɗin da zai sake sayen gida a cikin gari ya riga ya ninka.

Bayan tsando akwai kaska, akwai kuma wata annobar dawaki da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, wadda ta fi tashi a ƙarshen damina. Taɓo ma kansa yakan ruɓar da kofato in doki ya daɗe a tsaye cikinsa. Duk waɗannan sun fi tsanani inda laima ta yi yawa. Don haka abu na farko da mai neman mazauni zai tambaya shi ne ko ƙasar tana shanye ruwa, da nisan wurin daga kurmi, da kuma nisansa daga likitan dabbobi wanda ya san doki. A nan Zariya da Sakkwato suna da fifiko, domin jami'o'insu suna da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta.

Doki ba ya cin doya

Masu iya magana sun ce sayen doki ba wuya, riƙonsa ne aiki, kuma duk wanda ya taɓa shiga barga ya san haka ne. Doki na cin abin da ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana, wato doki mai kilo 300 zai buƙaci wajen kilo 6 na busasshen abinci, ga ruwan sha da kan kai lita 30 ko fiye in ana zafi. Ba ya hutun Sallah, ba ya jiran albashi. Abincinsa harawar wake ko ta gyaɗa, da ciyawa, da dusa, da dawa ko gero, sai kanwa jefi-jefi.

Idan aka dubi wannan jeri za a ga cewa kusan dukansa ragowar noman ƙasar Hausa ne. Manomin Kano ko Katsina ko Maraɗi yana shuka gero da dawa, ya sa wake a tsakani, da kaka ya kwashe hatsi ya ɗaure harawa ya ɗora a kan rufi ko bishiya. Doki na rayuwa ne a gefen wannan tsari. Mu a ƙasar Minna alfaharinmu doya, kuma doya ba ta barin komai da doki zai ci. Muna noma dawa da masara da gyaɗa, gaskiya ne, amma tara harawa da sayar da ita bai zama sana'a a wurinmu kamar yadda ya zama a arewa ba, kuma ruwan ƙarshen damina yakan sa ta yi fumfuna kafin ta bushe. Harawa mai fumfuna kuwa ciwon ciki ce ga doki. Ciyawarmu tana da yawa da damina, gamba har ta fi mutum tsawo, amma da ta tsufa sai ta zama kara, da rani kuma wutar daji ta lashe ta. Daga Janairu zuwa Afrilu mai doki a Minna yakan koma sayen abin da mota ta kawo daga nesa, da kuɗin mota a kansa.

Akwai kuma masu sana'ar da doki ke buƙata: badukun da zai gyara sirdi da ragama, maƙerin linzami da likkafa, mai yankan kofato, da muri, wato babban mai kula da barga. A Kano mutum zai shiga Kasuwar Kurmi ya fito da kayan doki tun daga jalala har majayi. Wanda ke son sayen dokin kansa kuwa, Maigatari na ci ranar Alhamis, Mai'aduwa ranar Lahadi, duka a bakin iyakar Nijar inda dawaki ke shigowa. A Jihar Neja, Bida ce ke da irin waɗannan hannaye, saboda tsohuwar sarauta da maƙeran tagullarta.

Suna daban, fili daban

Da wannan bayani mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, a tattara a koma Kano ko Katsina. A nan ne nake ganin mutane da yawa ke kuskure, irin kuskuren mai zamiyar da ya ruɗu da sunan Asfen.

Abin da ya fito da sunan waɗannan birane shi ne hawan Sallah. A Kano akwai Hawan Idi da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, sai Hawan Ɗorayi da Ƙaramar Sallah ko na Fanisau da Babba. Katsina da Zariya da Bida suna da Hawan Bariki, Daura na da Hawan Magajiya. An yi manyan hawan daba a Kano a 1925 don Yariman Ingila, da Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, da kuma 1977 lokacin bikin FESTAC. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Duk wannan abin alfahari ne. Amma in aka haɗa kwanakin hawan Sallah biyu, da ƙyar su kai goma a shekara mai kwana 365. Kuma ba su da tabbas. Annobar korona ta hana hawa a 2020. A Kano an dakatar da shi a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 saboda rikicin sarauta. A Jihar Neja gwamnati ta soke hawan Babbar Sallar 2025 don juyayin ambaliyar Mokwa. Wanda ya tare a gari don waɗannan kwanaki kaɗai, ya zama kamar wanda ya sayi gida a gindin tsauni shekarar da ƙanƙara ta ƙi sauka. Balle ma ba kowa ke shiga hawa don ya ga dama ba, sai a cikin tawagar wani hakimi ko mai sarauta.

Hawan da ke raya doki da mai shi shi ne na kullum, wato kilisa. Doki dabba ce da aka halitta don tafiya, in ya kwana uku a turke ba motsi sai ƙafa ta kumbura, hali ya ɓaci. To ina filin? Birnin Kano ya cinye gonakin da ke kewaye da shi. Mai doki a cikin ganuwa sai ya kutsa tsakanin A Daidaita Sahu da manyan motoci, a kan kwalta mai santsi, da dokin da galibi ba shi da takalmin ƙarfe. Ƙari a kan haka, saboda ɓarnar wasu matasa, 'yan sanda a Kano sun sha hana kilisa a kan tituna. A ganina ƙananan garuruwan masarautu, irin su Kazaure da Gumel da Daura da Haɗeja, sun fi manyan biranen dacewa da mai hawan kullum. Akwai fada da bargarta da masanan doki, akwai harawa a kusa, ƙasar rairayi ce mai taushi ga kofato, kuma daga ƙofar gida zuwa bayan gari tafiyar mintoci ce. Abin da suka rasa shi ne abin da Denba ke da shi, wato aikin albashi mai yawa. Wanda ya gama digirin Hausa irinmu, in ya samu koyarwa a irin waɗannan garuruwa, shi kam ya dace.

Dole a ambaci tsaro, ko da a taƙaice. Bayan gari da a da shi ne daɗin mai doki, yanzu a wurare da dama shi ne abin tsoro. A jiharmu an sace ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021, da Tegina a Mayun shekarar, kuma yankunan Shiroro da Munya da Rafi sun sha fama da 'yan bindiga, haka ma sassan Katsina da Zamfara da Sakkwato. Fili mai faɗi da ba a iya shigarsa bayan la'asar ba shi da amfani ga kowa.

Masu ƙwallon doki

Wanda sha'awarsa folo ce, wato ƙwallon doki, lissafinsa ya ɗan bambanta, domin ba a yin ta mutum ɗaya. Ana buƙatar mutum huɗu a kowane ɓangare, da shararren fili mai tsawon yadi 300 da faɗin 160, kuma saboda kowane zagaye minti 7 ne na gudu ba sassauci, ɗan wasa ɗaya yana buƙatar dawaki da yawa yana sauyawa. Doki ɗaya a fage gudu gare shi, in ji Hausawa, amma a folo doki ɗaya bai isa ko shiga fage ba. Katsina ce gidan wannan wasa a arewa tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a cikinsa, haka jikansa Janar Hassan Usman Katsina. A yau Kaduna ce cibiya, da tsohon kulob ɗinta inda ake gasar kofin Georgian, da kuma Fifth Chukker da ke kan hanyar Jos. Kano da Zariya da Jos da Abuja duk suna da kulob. Idan akwai Insburuk ɗin mai doki a Nijeriya, ni Kaduna da Zariya zan nuna, domin kilomita 80 ne kawai tsakaninsu, ga aikin yi, ga likitoci, ga abokan wasa, ga harawa na saukowa daga arewa. Sai dai folo wasan masu hali ne, musamman tunda aka fara shigo da dawakin Ajantina, waɗanda sai an yi musu hidimar da ta fi ta ɗan mutum. Ga ɗalibi, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

To, Minna fa?

Minna ba ta cikin sahun farko, kuma ba laifi a faɗa. Ƙasarmu duwatsu ce da marmara, masu cinye kofato, daminarmu doguwa ce, abincin doki na tsada da rani, sarautar garin kuma ba ta da tsohuwar barga irin ta Bida ko Kontagora. Amma tana da filin folo a cikin gari, tana da masu dawaki a tsofaffin unguwannin Hausawa da Nufawa irin su Limawa da Kwangila, kuma tunda ta zama babban birnin jiha a 1976 akwai aikin gwamnati da makarantu. Bida na kimanin kilomita 90 daga nan, Abuja kimanin 150. Wanda aiki ya ɗaure shi a Minna zai iya riƙe doki, in ya nemi tudu mai shanye ruwa a gefen gari, nesa da duhuwar rafi, ya sayi harawar shekara tun da kaka lokacin da take arha, ya gina mata rumfa, ya kuma san lambar likita tun kafin ya san sunan dillali.

Akwai kuma hanya ta biyu da masu zamiya da dama ke bi, wato su zauna inda abincinsu yake, su riƙa zuwa tsauni ranakun hutu. Mai doki ma zai iya ajiye nasa a bargar wani amintacce, yana biyan kuɗin ci da na yaron barga, ko kuma ya riƙa aro ko haya in ya tashi hawa. Za a ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma dokin da ba ka kwana da shi ba zai san hannunka kamar yadda ya san na mai ba shi dusa ba. Haka ne. Kawuna dai wannan hanyar ya koma. Ya haɗa kuɗi da wani abokinsa na Bida suka sayi goɗiya, tana can a bargar dattijon nan da ya gargaɗe shi, duk ranar Juma'a ta biyu yana shiga motar haya daga Kpakungu ya je ya hau, ya kwana, ya dawo Asabar. Bargar da ya gina a bakin rafi kuwa kaji ake kiwo a ciki.